Shekarar da Aka Zuba Littattafai a Rumbun Gidanmu

Da Sallar layyar da ta wuce, kuna zazzaune a tsakar gida ana suyar nama, 'yar wajen Sa'adatu ta nuna tsohon rumbun nan da ke bayan ɗakina, ta tambaya me ke ciki. Kafin in buɗe baki, babban yayanku ya ba ta amsa, ko kai bai ɗaga daga wuƙar da yake wasawa ba.

"Haukan kakanki ne a ciki."

Kuka kwashe da dariya, wasunku har da tafawa. Ni ban yi ba, ban kuma ce uffan ba, domin ranar Sallah ce kuma akwai surukai a gida. Amma maganar ta tsaya mini a ƙirji, ta ƙi wucewa. Shi ya sa na bar labarin aurena a inda na tsaya, na tsallako zuwa shekarar da abin ya faru. Ban zauna rubutu don in wanke babanku ba, ya riga ya tafi inda wankewata ba za ta yi masa komai ba. Abin da nake so kawai, in za ku kira abin hauka, ku kira shi bayan kun san yadda aka yi.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda, ban saba ba. Ai ko mutanen gari sun manta da shi. Daga Yako har Ɗansoshiya, Malam Laburare kowa ya sani. Malami ne a sakandaren da ke bakin titi, Hausa da tarihi yake koyarwa. An ba shi makullin ɗakin littattafai ne don babu malamin da ke son ɗakin, wuri ne na jemagu da kashin ɓera. Shi kuwa ranar da aka miƙa masa makullin nan ya dawo gida bakinsa har kunne, na ɗauka ƙarin girma aka yi masa. Tun daga ranar allurata da zaren ɗinkina suka daina kwana inda na ajiye su. Ya sa ni dama masa sitacin rogo yana liƙa bangon da ya yage, yana ɗinke takardun da suka zazzago. Mutum ne da ba ya iya ɗaure akuya ta ɗauru, amma in ya ɗinke maka littafi sai ka rantse daga kanti ya fito. Kuma wallahi sai ya shinshina littafi kafin ya buɗe shi. Na sha yi masa tsiya, in ce Malam ko in kawo maka miya ka haɗa.

Yana da wata dabara da duk wanda ya yi makarantar nan zai ba ku labarinta. Ba ya cewa yaro je ka yi karatu. Lokacin tara sai ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya buɗe littafin labari ya fara karantawa da ƙarfi, kamar shi kaɗai yake yi wa kansa. Yara su taru. Sai ya kai daidai inda labarin ya ɗau zafi, inda kowa ya saki baki, sai ya rufe, ya ajiye littafin a kan benci, ya tashi ya tafi alwala. Kafin ya dawo ana kokawa a kan littafin. Ni ma da wannan ya kama ni. Karatun allo kaɗai na zo da shi gidan nan. Ina tankaɗe zai zauna a kan turmi yana karanta mini, in na tsayar da rariya ina saurare sai ya rufe.

"Sauran yana ciki, Kande."

"Malam, don Allah ƙarasa mini."

"Ga shi nan a kan turmi, ba ya cizo."

Haushi ne ya koya mini boko, ba wayo ba. Wannan rubutun da kuke karantawa yanzu, daga kan turmin nan ya samo asali. A cikinku kuwa babu wanda ya ɗauko shi kamar babban yayanku, wanda zan riƙa kira Babba, tunda ɗan fari ne kuma kun san ba na faɗin sunansa. Tun yana firamare yake bin uban zuwa ɗakin nan. Da ya shiga sakandare, littattafan Turanci masu kauri yake ɗaukowa, yana tafe zuwa rijiya yana karantawa har ya yi tuntuɓe.

A lokacin gandu muke. Baffanku Mamuda, wan babanku, shi ne mai riƙe da gona da shanun huɗa. Babanku yana shiga gona da yamma da ranakun da babu makaranta, shi ke kuma kawo taki. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, ni da matar Baffa muna karɓa-karɓa. Kakarku Iya tana nan da ranta, ba ta gani sosai amma babu abin da ke wuce kunnenta. Rumbuna uku ne a gidan, ƙanana biyu na dawa, sai babban nan da kakanku ya gina da hannunsa a kan duwatsu, wanda ake zuba masara.

A farkon daminar shekarar, wata la'asar, aka yi iskar da ban taɓa ganin irinta ba. Ta ɗebe kwanon ajujuwa, ta ɗebe na ɗakin littattafai ta jefa a gonar mutane. Ruwan bai ko tsagaita ba babanku ya fita ba takalmi. Ya roƙi amalanken shanu wurin maƙwabta, aka yi ta jigila har rana ta faɗi. Na sama-sama sun jiƙe, mafi yawa kuwa Allah ya tsare. Shugaban makarantar na lokacin, mutumin kirki ne, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya riƙe su a gida tukuna, kafin kaka za a mayar da rufi. Muka jibge su a zaure. Waɗanda suka jiƙe muka yi ta shanya su a kan igiya da kan dangar gida kamar wanki, Malam yana bin su yana buɗe takarda ɗaya bayan ɗaya kada su manne.

Sai gara ta ji labari. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san gara ba ta sallama. Wata safiya ya ɗaga littafin da ke ƙasan jibga, sai bango kawai ya biyo hannunsa, cikin ya zama ƙasa. Ya zauna a wurin daɓas. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka yi mana rasuwa. Muka ɗora su a kan duwatsu da katako, gara ta gina hanya ta hau. Muka kwashe waɗanda za su yiwu muka ɗora a kan gadona na ƙarfe, muka koma tabarma, amma gado nawa zai ɗauka? Ga danshin damina, bangon zaure har gumi yake. Kowace safiya sai ya tarar an ci masa wani. Yana zuwa makaranta yana tambaya, ana ce masa an rubuta, ana jira. Masara ta nuna a gona, rufi ko ƙusa ɗaya ba a buga ba.

Ranar da ya yi maganar rumbun, bayan la'asar ne, a ƙofar ɗakin Iya. Ina gefe ina tsince shinkafa, na ji komai. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya juya ga wansa.

"Yaya, aron rumbun Baba nake nema. Zuwa rani kawai."

Baffanku ya dube shi, ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Wane rumbun?"

"Babban. Shi kaɗai ne wurin da gara ba ta hawa a gidan nan. Yanzu babu komai a ciki."

"Babu komai a ciki don ba a karyo masara ba. Ita masarar da ke tsaye a gona, a kanka za mu zuba ta?"

"In aka yi haƙuri, da rani sai in sa a gina wani."

"Da rani! Masara za ta tsaya jiran rani? Kai, boko ya taɓa ka ne? Bakuna nawa ne a gidan nan? Ka taɓa ganin an tuƙa tuwon takarda?"

Babanku ya sunkuyar da kai. Bai iya musu ba, tun asali. Sai Iya ta gyara zama, ta juya fuskarta inda take jin numfashinsa.

"Kai, takardun nan naka ne?"

"Ba nawa ba ne, Iya. Na yaran makaranta ne. Ajiya aka ba ni."

"Na 'ya'yan mutane ke nan."

"Na 'ya'yan mutane ne."

Iya ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Masara tamu ce, in ta lalace mu muka yi asara. Wannan kuwa amana ce, gobe kiyama za a tambaya. Ba za a ce kayan amana sun ruɓe a gidan nan ina da rai ba. Mamuda, ba shi rumbun."

Baffanku ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Na bi maganarki, Iya. Amma daga bana kowa ya riƙe fartanyarsa."

Ga abu na farko da nake so ku gyara a ranku. Kun taso kuna ganin Baffanku da mugun ido, kuna cewa shi ya raba gidan. Mutumin nan ba mugu ba ne. Shi ya sha ranar gonar nan tun daga shuka, 'ya'yansa sun fi nawa yawa, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, ba a tuƙa tuwon takarda. Iya ma gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, na rasa wanda zan ɗora wa laifi in huta.

Babanku ya shirya rumbun nan kamar mai shirya ɗakin amarya. Ya turara cikinsa da hayaƙi, ya shimfiɗa toka a ƙasa, ya bi da busasshen ganyen darbejiya. Ya shiga ta sama, Babba yana kan tsani yana miƙa masa. Ya jera su zagaye-zagaye suna bin bango, na tarihi gabas, na labarai kusa da baki don su aka fi nema, na lissafi da kimiyya can ƙasa. Da ya fito, toka har gira, ya mayar da jinka ya rufe, ya tsaya yana haki yana murmushi.

"Kafin ruwa ya sake sauka sun koma gidansu, Kande."

Aka karyo masara aka raba. Baffanku ya matsa tasa a ƙananan rumbunan, ya yi wa dawarsa rumfa. Rabonmu muka ɓare muka zuba a buhuna, muka jingine a ɗakina. Ba ta gama bushewa ba, ga ruwan ƙarshe ya ƙi ɗaukewa a shekarar. Da na buɗe buhu wata rana, wani zafi ya bugi hannuna, ta yi funfuna ta dunƙule. Wadda ta tsira, ƙwari suka gama da ita kafin bazara. Sa'adatu, ke kina iya tuna tuwon nan mai ɗaci da kike ci kina kuka. Na wanke, na shanya, na sake wankewa, ɗacin bai fita ba. Daminar da ta biyo baya mun san yunwa a gidan nan. Albashin malami a lokacin sai ya ga dama yake zuwa. Matar Baffa, Allah ya jiƙanta, takan zuro mini kwanon gari ta kan danga in mijinta ya fita, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Amma yunwa ta wuce. Abin da bai wuce ba shi ne gona. Da aka raba gandu, shanun huɗa suka bi Baffanku, domin shi ya yi kiwonsu. Aka bar mu da fili da fartanya. Lokacin da gona ke neman mutum, da sassafe, lokacin ne babanku yake aji. Ciyawa ta fara cinye shukar. Babba yana aji uku a lokacin. Wata safiya ya sa kayan makaranta, uban ya tsayar da shi a bakin zaure. Ina riƙe da tsintsiya, ina jin su.

"Ka riƙe mana gonar nan, bana kaɗai. In Allah ya kai mu baɗi, da kaina zan mayar da kai."

Yaron ya dubi ubansa, ya dubi rumbun, ya ce, "To, Baba."

Abin da ya ce ke nan. Ya koma ɗaki ya tuɓe kayan, ya ninke su, ya ɗauki fartanya. Kuna cewa babanku bai damu ba. Ni na ga abin da ba ku gani ba. Ranar bai je makaranta ba, shi da ko zazzaɓi ba ya hana shi. Ya shiga ɗaki ya juya fuska bango, na kai masa koko ya huce a wurin. Da baɗin ta zo, ba mu farfaɗo ba, aka ƙara wata shekarar. Da ta ukun ta zo, uban ya ce ya koma, Babba ya ce ba zai zauna aji ɗaya da ƙannen abokansa ba. Ya samu babur ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Yako da Kwanar Dangora. Mutumin da ya sa 'ya'yan gari kaf son karatu, nasa ɗan ya tashi a kan babur. Duk wanda ya ce wannan bai ci babanku ba har ya shiga kabari, bai san shi ba.

Rufi kuwa an mayar, bayan an yi damina biyu a buɗe. Ranar da muka ji ƙarar guduma, babanku ya je ya yi aski. Sai aka ce masa ɗalibai sun yi yawa, za a ɗan zuba aji ɗaya a ɗakin kafin a gina sabo. Shugaban da ya ba shi ajiyar aka yi masa canji. Duk sabon shugaban da aka kawo, babanku zai sa babbar rigarsa ta Juma'a ya je ya yi bayani tun daga iskar nan. Kowanne zai girgiza kai ya ce Allah ya saka, za a duba. Haka ya yi ta yi har ya yi ritaya. Har Kiru ya je, ya zauna a benci a ofishin ilimi, ya dawo da ciwon baya.

Da ya ga abin ya ƙi, sai ya mai da rumbun kansa laburare. Ranar Alhamis da yamma zai jingina tsani, ya ɗaga jinka ya shiga. Yara suna ƙasa suna faɗin abin da suke so, shi kuma yana zuro musu a cikin guga da igiya. Mutane suna wucewa suna dariya, wai gidan Malam rijiyarsu a sama take. Bai damu ba, ni ma a lokacin na ɗan ji sanyi, na ce ko banza ana karantawa. Har wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen dajin Falgore takan karɓar wa 'yarta, ta sa a ƙarƙashin faifai ta dawo da shi wani zuwan. Amma waɗanda suka san daɗin ɗakin nan suka gama makaranta suka watse. Na bayansu ba su taɓa jin Malam yana karatu a bakin ƙofa ba, ba su san abin da suka rasa ba. Daji ya lalace, su Bafulatanar suka tashi, ban sake ganinta ba. Alhamis za ta zo, ya hau ya buɗe, ya zauna a bakin rumbun ƙafafu a waje, yana duban hanya har a kira magariba. Ina kicin ina satar kallonsa.

Sai gwiwa ta kama shi, tsani ya gagare shi. Ya koma shimfiɗa buzu a gindin rumbun, ya jingina bayansa da shi. Littattafansa suna bayan kansa, tsakaninsu bango ne da bai fi tafin hannu ba, ba shi da ikon taɓa ko ɗaya. Wata rana Babba ya shigo gaishe mu, lokacin har ya yi iyali. Uban ya kira shi.

"Ɗan hau mini, akwai wani da nake son dubawa. Yana nan kusa da baki."

Babba ya durƙusa a gabansa, muryarsa ba ta tashi ba, rashin kunya kuma babu a ciki.

"Baba, duk abin da ka sa ni zan yi. Ka ce in goya ka zuwa Kano a ƙafa, zan goya ka. Amma ba zan hau tsanin nan ba."

Uban ya gyaɗa kai kawai, ya ce Allah ya yi maka albarka. Bai sake roƙon kowa ba.

Kun san mace ba ta leƙa rumbu a garin nan, balle ta shiga. Ranar wata Juma'a, da maza suka tafi masallaci, shi kuma ƙafa ta hana shi zuwa, na ɗaure zanina tamau na jingina tsanin.

"Kande, me za ki yi? Sauko, za a gan ki."

"Duk wanda ya gan ni ya rufe idonsa. Wanne kake so?"

Da furfurata na shiga rumbun nan. Yana waje yana yi mini kwatance ta bango, ki juya gabas, ki sauka ƙasa kaɗan, mai koren bango da na ɗinke da baƙin zarenki. Na miƙa hannu, ga shi nan daidai inda ya ce. Na zuro masa a guga. Da na sauko na tarar ya kifa littafin a fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Tun daga ranar, duk Juma'a nake hawa, har shekarar da ya kwanta.

Bai bar wasiyya mai tsawo ba. Da ciwon ya yi nauyi, wata hantsi ina ba shi ruwa, ya riƙe hannuna.

"Ba namu ba ne, Kande. Kada a sayar, kada a raba a gado. A mayar wa yara."

Da na fita takaba na ɗauki guda uku a jaka na tafi makarantar. Shugaban da na tarar tsohon ɗalibinsa ne. Da ya gane ni ya taso daga kujera ya durƙusa har ƙasa. Ya buɗe ɗaya daga cikin littattafan, ya ga ɗinkin Malam, hawaye suka zubo masa. Ya ce a kan wannan littafin aka taɓa fasa masa leɓe wajen kokawa. Na ce alhamdu lillahi, yau amana za ta koma. Sai ya kama hannuna ya zagaya da ni. Yara a ƙasa, wasu a taga, wani ajin babu ƙofa.

"Mama, kin gani da idonki. In na karɓa, a ƙasa zan zuba su, gara ta cinye a hannuna. Kuma tsarin karatun ya canza, ba daga cikinsu ake jarrabawa ba yanzu. Ki ɗan ƙara riƙe mana su."

Ki ɗan ƙara riƙewa. Maganar da aka faɗa wa babanku ita aka maimaita mini, da ladabi da hawaye. Na hau ƙaramar mota na je wata makarantar a Bebeji, na je wata a Tudun Wada inda ƙanwata take aure. Ko'ina an karɓe ni hannu biyu, an yi wa Malam addu'a, an rako ni har bakin ƙofa da jakata yadda na zo da ita.

Bana, bayan Sallar nan da kuka yi dariya, ruwa ya kwana biyu yana zuba, ɗaya daga duwatsun da ke ƙarƙashin rumbun ya nutse. Rumbun ya karkata, tsaga ta fito daga gindi har wuya. Na aika a nemo mai gyara, aka ce tsohon da ya iya yaɓen rumbu ya rasu, yanzu kowa a buhu yake ajiya. Na roƙi maƙwabta suka fito mini da littattafan kafin ya rufta a kansu. Ina tsaye ina jiran in ga ƙasa da ruɓa, don in gaya muku gaskiya, da na ga haka da na samu sauƙi, in ce Allah ya karɓi abinsa. Sai ga su suna fitowa garau. Ko ɗaya gara ba ta taɓa ba, ko ɗigon ruwa babu. Toka kawai za ka hure. Dabarar babanku ta yi aiki sarai.

Ranar kasuwa na sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya bi. Na jera su, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Duk wanda ya zo wucewa ina ce masa kyauta ne, na yara ne, a ɗauka a kai musu. Mutane suka yi ta tsayawa suna gaishe ni. Wasu da furfura a gemu suka ce Allah ya jiƙan Malam, shi ya koya mana karatu. Wani ya ce zai dawo in ya sauke kaya. 'Yan makaranta suka wuce a gungu, suka rusuna suka ce sannu Iya, idonsu a kan wayar da ɗayansu ke riƙe da ita. Na zauna tun hantsi har inuwa ta juya.

Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas. Sai ga Babba a kan babur. Ya kashe, ya tsaya yana duban tabarmin, ya dube ni. Ya naɗe hannun riga ya fara tattarawa. Can na ga ya tsaya da wani a hannu, na Turanci, mai kauri. Ya buɗe shafin farko. Leɓunansa suka fara motsi, ya sa yatsa a ƙarƙashin layi kamar ɗan aji ɗaya. Ya kai tsakiyar layi na biyu ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Mutum mai 'ya'ya a sakandare, gemunsa ya fara fari.

"Inna," ya ce, bai dube ni ba. "Wannan nake karantawa lokacin. Ban ƙarasa shi ba."

"To ɗauka mana. Tafi da shi."

Ya girgiza kai.

"Ya gudu, Inna. Baƙaƙen nake gani, maganar ba ta fitowa."

Ya rufe shi a hankali, ya goge bangon da gefen rigarsa, ya ɗora a kan sauran. Iska ta fara ɗaga bakin tabarma. Muka yi ta kwasa ni da shi, yana ɗaukar masu nauyi ina ɗaukar marasa nauyi, muka shigar da su ɗakina kafin ruwa ya sauko. Yadda na fito da su da safe haka suka koma, ko guda ɗaya bai ragu ba.